Layar zana ta ƙi shiga manhaja: wa ya taɓa sauya dokokin sihiri a takardar jarumi?

Gizon_Yantala
Salamu alaikum ƴan'uwa. Wata bakwai ke nan muna buga Dungeons & Dragons bugu na 5, wasan tebur da ake jan labari kowa da jaruminsa ana jefa ƙwaya, a fadarmu ta unguwar Yantala a Yamai, duk daren Asabar, mu shida, ni ne mai jan wasa. Labarin da nake ja ba na ƙasar Turawa ba ne. Wani gari na ƙirƙira tsakanin dutsi da fadama, da mafarauta da maƙera da ƴan tauri da fatake.

Damuwata sihirin littafin. Masihirci na mataki na 1 gurbi 2 gare shi, kowane gurbi damar jefa sihiri sau ɗaya ce. Ya yi jifa biyu, shi ke nan, sai ya yi dogon hutu na awa 8 kafin gurabun su cika. Batirin waya ke nan. Mu kuwa a labaran da muka tashi da su, wa ya taɓa jin layar zana ta ƙare don mai ita ya ɓace sau biyu? Laya tana ci har ranar da ka karya sharaɗinta. An ce kada ka waiwaya, ka waiwaya. An ce kada ka gaya wa kowa, ka gaya wa matarka.

Na gwada D&D Beyond. Shafin intanet ne na cike takardar jarumi. Ya yarda ka ƙirƙiri sabon sihiri, sabon kaya, har reshen wata sana'a, wato rukunin jarumi kamar mayaƙi ko masihirci, amma bai yarda ka gina sana'a sabuwa fil tun daga tushe ba, gurabun nan kuwa a jikin sana'ar suke. Akwai manhajar da zan cire gurabu in sa sharaɗi? Ko in haƙura in koma kaye da bik?

Zabarma_Harobanda
Wa alaikumus salam. Koma kaye. Kaye ba ya neman rezo, ba ya mutuwa in an ɗauke kuran.

ƊanAdar_Java
Yaya Gizo, PCGen kake nema. Manhajar takardar jarumi ce, kyauta ce, da Java anka rubuta ta, kuma in ka sauke ta sau guda ba ka ƙara bukatar intanet. Mu nan Tawa da ita muke aiki shekara biyu, sai dai mu Pathfinder, wani wasa irinai, da bugu na 3.5 muke bugawa.

Abin da ya sa nike son ta, dokokin duka a fili suke, cikin fayilolin rubutu da ake kira LST. Ka buɗe da Notepad ka gani da idonka. Layin sana'a shina da alamomi: SPELLSTAT ita ke faɗin wace baiwa sihirin ya dogara da ita, kaifin hankali ko kwarjini. MEMORIZE ita ke faɗin ko sai mutum ya haddace da safe. Sannan kowane mataki shina da layinai, da CAST da KNOWN. A 3.5 masihircin littafi na mataki na 1 an rubuta mishi CAST:3,1, wato ƙananan dabaru 3 da jifa 1 na daraja ta 1. Wanda anka haifa da baiwa shi kuma CAST:5,3 da KNOWN:4,2. Ka sauya lambobin, ka sauya duniya.

Gargaɗi biyu. Na farko, tsakanin alama da alama Tab ake dannawa, ba tazara ba. Kwana ukku na yi ina neman abin da ya hana sana'ar mafaraucina fitowa, ashe tazara guda ce. Na biyu, kada ka taɓa fayil na asali. Yi naka daban, ka sa .MOD bayan sunan abin da kake son gyarawa, ka haɗa shi da fayil ɗin PCC naka, wanda ke jera fayilolin da manhaja za ta buɗe. Ni na gyara na asali, na sabunta manhaja, aikin wata guda ya tahi.

Gizon_Yantala
ƊanAdar na gode ƙanena. Amma ka lura, abin da ka nuna mini sauya lamba ne. In mai da 2 ta zama 9, har yanzu ƙirga ake yi. Ni ƙirgar ce ba na so.

Mushe_Lissafi
Bari dattijo ya sa baki. Gizo, kahin ka rushe katanga ka tambayi wanda ya gina ta mi ya sa ya gina.

Gurabun nan ba haka kawai sunka faɗo ba. Gary Gygax da Dave Arneson sunka fitar da wasan a 1974, kuma tsarin haddace sihiri da safe, a jefa, a manta, daga labaran wani marubucin Amurka Jack Vance anka aro shi. Amma ba don son Vance kaɗai ya daɗe shekara hamsin ba. Ya daɗe don shi ne linzami. Mai takobi kowane zagaye sara guda ko biyu gare shi. In mai sihiri ba shi da iyaka, mi mai takobi ya zo yi wurin?

Ni na gwada sassauta linzamin, na ga abin da ya hwaru. Cikin littahin mai jan wasa na 2014 akwai zaɓin maki maimakon gurabu. Daraja ta 1 maki 2, ta 2 maki 3, ta 3 maki 5. Jarumi na mataki na 5 a ba shi maki 27. Lissahin daidai yake da gurabunai: 4 sau 2, da 3 sau 3, da 2 sau 5, ka samu 27. Na ce to ai ba a ƙara komi ba, na yarda. Ashe an ƙara. Da gurabu, ƙwallon wutar nan mai ƙwaya 8 sau biyu kaɗai yaro zai jefa ta. Da maki sai ya jefa ta sau biyat, ya rage canjin maki 2. Matsakaicin ɓarnar kowace 28. Wani ɗalibina ya ƙone mini sansanin ƴan hwashi da na kwashe mako biyu ina zanawa, kahin shayi na biyu ya nuna.

Wanga hwa maki ne, da sauran iyaka. Kai kana son ka cire iyakar gaba ɗai.

Bagobira227
Mushe, da girmanka, ni ina teburin Gizo, kuma ba haka abin yake ba. Ba a cire iyaka ba, an sauya mata wuri ne.

Jarumata ƴar mafarauta ce, tana da layar zana. Sharaɗinta: ba ta cin abincin gidan da ba ta taɓa kwana a cikinsa ba. Makon jiya muka isa fadar wani sarki muna neman ya ba mu izinin ratsa ƙasarsa. Aka kawo tuwo da miya, sarki da kansa ya ce bismilla. In na ci, laya ta karye, gobe kuma da ita za mu shiga kurkuku mu fito da ɗan'uwanmu. In na ƙi, na raina sarki a gaban fadawansa. Minti ashirin muka yi muna gardama a kan lomar tuwo. Ƙarshe na ce azumin ramuwa nake yi, Gizo ya sa na jefa ƙwaya don a ga ko sarki zai yarda, na samu 4. Aka kore mu daga gari.

A wata bakwai ba mu yi daren da ya kai wannan daɗi ba. Gurbi bai taɓa sa ni gumi haka ba.

Zabarma_Harobanda
Bagobira ta ƙi tuwo? A wasa kaɗai hakan ke faruwa.

Bagobira227
Bawana, yi shiru manya na magana. Kai da aka karya maka guru tun daren farko.

Zabarma_Harobanda
To tun da kin tono, bari in faɗa, don ya shafi maganar Mushe. Ni ma a teburin nake. Nawa ɗan tauri ne, ƙarfe ba ya cin sa. Sharaɗi: kada ya ƙetare ruwa mai gudu bayan faɗuwar rana. Na yarda. Daren farko Gizo ya sa mahara suka biyo mu da magariba, gabanmu kogi. Wanda ya ba ni sharaɗin shi ne ya haƙa kogin, shi ne kuma ya faɗar da ranar. Ina adalci a nan?

Gurbi ko ba komai a takardata yake, ni ke ƙirga abina. Sharaɗi kuwa a hannun mai jan wasa yake. Ranar da ya ga dama ya karya ka.

Gizon_Yantala
Kogin yana kan taswira tun kafin ka zaɓi sharaɗin, kai ma ka sani.

Zabarma_Harobanda
Maharan fa? Su ma suna kan taswira?

Mushe_Lissafi
Kun gani? Abin da nike nuhi ke nan. Alƙali da mai ƙara sun zama mutum guda.

Ga tsaka-tsaki. Duk lokacin da anka yi aiki da laya, a jefa ƙwaya mai huska 20. In 1 ta hito, laya ta karye, sai mai jan wasa da mai laya su ƙirƙiro yadda anka yi sharaɗin ya ɓaci. Kowace jifa kashi 5 cikin 100 ce. Amma a jifa 10 haɗarin ya kai kusan kashi 40, a jifa 14 ya wuce rabi. Mutum zai yi tattalin abinai ba tare da an ce mishi saura biyu ba. In kana son layar da ta hi ƙarhi ta hi saurin karyewa, ka ce 1 ko 2.

Bagobira227
Mushe wannan ai ƙirga ce ta sa rawani. In ƙwaya ce za ta karya mini laya, ina tuwon sarki? Daɗin abin shi ne ni na zaɓa, ina ji ina gani.

Almajirin_Zongo
Salamu alaikum. Ku yi mini afuwa, na daɗe ina karatu ban taɓa rubutu ba. Ina son wasannin nan, ina buga na yaƙi da na kasuwanci, amma wannan zaren ya sa ni tunani. Sihiri ba abin wasa ba ne a addininmu. Kowa ya san aya ta 102 ta Suratul Baƙara da ƙissar Haruta da Maruta. A ce wani dodon Turawa yana hura wuta, wannan kowa ya san ƙarya ce. Amma layar zana da sagau da kurciya, akwai mutane a unguwanninmu da suka yarda da su, suna kai kuɗinsu. In muka zauna muna tsara musu dokoki, har da sharaɗi da kayan haɗi, ba mu kusanci abin ba? Ga kuma hadisin da ke cikin Muslim a kan wasan nardi, wanda da ƙwaya ake yin sa. Ba faɗa na zo yi ba, tambaya ce.

Gizon_Yantala
Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma mun yi ta a fada tun kafin mu fara. Abin da muka tsaya a kai: ba kuɗi ko dala ɗaya, in an kira salla a tashi, ba a sa aya ko sunan Allah ko wani zikiri a cikin wasa, ba kuma a kwaikwayon karanta wani abu. Mutum cewa yake yi jarumata ta taɓa layarta, ya jefa ƙwaya. A wurina tatsuniya ce da lissafi. Kakata ta ba ni labarin Gizo ya rikiɗa ya zama kaza da kaza, ba ta fasa tashi asuba ba. Maganar ƙwaya kuwa, kowa ya kai wa malaminsa.

Mai_Unguwa
A matsayina na mai kula da gurup: Almajiri ya yi tambaya da ladabi, an ba shi amsa da ladabi. Fatawa ba a nan ake bayarwa ba. Wanda zai ƙara a kai ya ƙara da irin wannan harshen, in ba haka ba zan goge.

Jikar_Arewa
Ni ba fatawa zan yi ba, amma maganar Malam ta taɓo wani abu. Ni ƴar Dogon Dutsi ce. A wajenmu Lugu ba tatsuniya ba ce, gari ne, kuma labarin Sarauniya Mangu da yadda ta tsaya a can wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899 da shi aka yaye mu. Tsofaffi suna ba da shi da abubuwan mamaki a ciki, kowa da yadda ya ji. Ran nan wani abokin karatuna a jami'ar Abdu Mumuni ya nuna mini takardar da ya yi mata, wai matsafiya mataki na 12, da jerin sihirinta. Raina ya ɓaci, na kasa gaya masa dalili a lokacin. Daga baya na gane. Ya mai da kakar mutane lambobi.

Haka ma sunayen iskokin bori. Akwai gidajen da har gobe ba a ambaton su da wasa, akwai kuma waɗanda ba sa son jin su ko kaɗan saboda addini. Duka ɓangarorin biyu za ka ɓata wa rai. Shawarata Gizo, ɗauki tsarin, wato abu mai ƙarfi da sharaɗi a wuyansa, amma ƙirƙiri sunayenka. Layar zana kowa na faɗa, har a barkwanci, wannan ba komai. Ka tsaya nan.

Gizon_Yantala
Na karɓa, ƴar'uwa. Dama akwai wani aljanin rijiya da na kusa ba shi sunan gaske, zan sauya.

SabonShiga_Talaje
Ku gafarce ni, sihiri ko tsafi ko asiri, wanne ne daidai? Kowa na ga da tasa kalmar. Ina fassara wa ƙannena takardar ne daga Faransanci.

Jikar_Arewa
Ba ɗaya ba ne. Tsafi yana tafiya da bauta da yanka. Asiri shi ne wanda ake yi wa wani a ɓoye, kamar sammu. Siddabaru da rufa-ido na ɗan wasan kasuwa ne. Laƙani shi ne ɗan sirrin da wani ya ba ka don wata bukata. Abin da Gizo ke nema ya fi kusa da laƙani.

Mushe_Lissafi
Ni a teburina dabo nike cewa, don yara ne. Ba uban da zai zo lakkwal ya tambaye ni mi ya sa ɗanai ke koyon tsahi.

ƊanAdar_Java
Ku bari in maido mu kan manhaja, don tun jiya nike tunanin maganar Yaya Gizo, kuma ina ga tun farko munka ɓata hanya. Muna ta ƙoƙarin gyara sashen sihiri. Laya ai ba sihirin da anka haddace ba ce. Kaya ce. Ɗaura ta ake yi.

A PCGen ka rubuta ta cikin fayil ɗin kayan aiki, kamar zobe ko sulke, ka liƙa mata BONUS ɗin da kake so. Amfanin kaya ba ya hawa takarda sai jarumi ya sa shi a jiki. Ranar da sharaɗi ya karye, ka cire mata shi, lambobin su koma yadda suke da kansu. Sharaɗin kuma ka rubuta shi cikin bayanin kayan, ya fito a takardar da za ka buga. Sana'ar kuwa kada ka ba ta layin CAST ko guda.

Kuma ga abin da zai yi maka daɗi: ba sai ka bar D&D Beyond ba. Can ma ana ƙirƙirar kayan sihiri. Bugu na 5 shina da dokar shaƙuwa da kaya, wadda ta ce mutum ba ya shaƙuwa da abin da ya wuce 3 a lokaci guda, kuma sai ya yi gajeren hutu da abin a hannunai. To ga linzamin da Mushe ke nema. Kowa ya ɗauki sana'ar da ba ta da gurabu, mayaƙi ko ɓarawo, a ba shi layu, ukku kaɗai ke ci.

Gizon_Yantala
Kai! Wata biyu ina kokawa da ƙofar da ba a kulle take ba. Ban taɓa kallon ta a matsayin kaya ba wallahi.

Mushe_Lissafi
Dabara ce mai kyau, ɗana, amma ukku marasa iyaka sun hi goma masu iyaka. Ɗauki ɓacewa. A littahi daraja ta 2 ce, awa guda take yi, sai ka tattara hankalinka kanta, kuma da ka kai hari ko ka yi wani sihiri ta watse. Jarumi ba ya samun ta sai mataki na 3, sau biyu a yini in ya ƙarar da gurabunai kanta. Kai ka ba yarinya ita tun mataki na 1, dare da rana. Wane mai gadi, wace ganuwa, wane kurkuku ya rage?

Bagobira227
Ai ba mu shiga kurkukun ba Mushe, an kore mu tun a tuwo.

Tsohon_Boukoki
Ina jin ku tun safe. Ni na fara wannan wasa da wasu abokan aiki tun kuna goye, kuma abin da zan ce shi ne kun ɗauki jaki kuna son ya yi sukuwar doki. D&D an gina shi a kan gurabu. Dodanninsa, yawan faɗan da ake so a yi kafin hutu, duka da gurabu aka auna su. Akwai wasannin da ba haka suke ba. GURPS, wanda Steve Jackson Games suka fitar a 1986, sihiri a cikinsa gwaninta ce kamar ɗinki ko harbi, kuma da gajiyar jikinka kake biya. Sannan yana da tsarin nakasu: ka ɗora wa jaruminka alwashi ko wani hani, a ba ka maki ka sayi wani abu da su. Sharaɗin da kuke ta nema a can gida ne gare shi. Akwai ma manhajar takardarsa ta kyauta, GCS.

Wani abin kuma, da ƙwayar ludo uku ake buga shi. Ba sai ka roƙi mai zuwa Faransa ya sayo maka mai fuska 20 ba.

ƊanAdar_Java
Baba, gaskiya ne, amma mutum shida su koyi sabon wasa bayan wata bakwai? Rabinsu za su gudu.

Tsohon_Boukoki
Wanda ya iya gyara fayil kwana uku saboda tazara ɗaya, karatun littafi ba zai kashe shi ba.

SabonShiga_Talaje
Baba Tsoho, ƙwayar ludo uku za ta iya maye mai fuska 20 a D&D ma? Mu da waya muke jefawa, kuma kullum sai an zargi mai wayar.

Mushe_Lissafi
Matsakaicinsu guda ne, 10 da rabi. Amma halinsu ya bamban. Mai huska 20 kowace lamba rabonta guda. Ludo ukku suna taruwa a tsakiya: 10 da 11 kaɗai sun kwashe kwata na dukan jifa, 18 kuwa sau 1 cikin 216. Gwani zai riƙa cin nasara kusan kullum, rago kuma ba shi da ranar sa'a. In kun yarda da haka, ku buga.

Zabarma_Harobanda
Har yanzu ba wanda ya amsa maganata. Kaya ne ko sihiri ne, PCGen ne ko kaye, wa zai hana Gizo haƙa kogi? Manhaja ba ta san rana ta faɗi ba. Ba ta san an kawo tuwo ba. Mutum ne zai danna ya cire, kuma mutumin shi ne wanda ya shirya tarkon.

Jikar_Arewa
Ka duba filin kokowa mana. Ɗan kokowa ya shigo da guraye da layu har ba ka ganin ƙugunsa. In ya kayar, magoya baya su ce kayan sun ci. In aka kayar da shi, su ce an karya masa ko ya taka wani abu a hanya. Ba wanda ya taɓa cewa gurabunsa ne suka ƙare. Bayanin kullum daga baya yake zuwa. Shi ya sa ni shawarar Mushe ta ƙwaya ba ta yi mini muni ba kamar yadda ta yi wa Bagobira. Ƙwaya ta faɗi, sannan a nemo dalili. Haka mutane ke yi dama.

Bagobira227
A fili haka ne, don ƴan kallo ne ke bayani. Ni a tebur ba ƴar kallo ba ce.

Zabarma, ga abin da nake ganin zai raba mu. Mai laya shi zai zaɓi sharaɗinsa daga cikin uku da mai jan wasa ya kawo, a rubuta a takarda kowa ya gani. Laya ba ta karyewa da abin da aka yi maka kana barci ko aka ɓoye maka. Dole mai jan wasa ya faɗa da baki: in ka yi wannan, ka karya. Kuma dole a samu wata hanya, ko da mai tsada ce. Da an yi haka a kogi, da Gizo ya ce maka ga ruwa ga mahara, ko ka ƙetare ka rasa tauri, ko ka tsaya ka tare su kai kaɗai mu mu haye.

Zabarma_Harobanda
Da na tsaya. Ƙarfe ba ya ci na, me zan ji?

Gizon_Yantala
Da kulake suka zo.

Zabarma_Harobanda
Kun ji ko? Kun ji irin mutumin da muke fama da shi?

Almajirin_Zongo
Na gode da amsoshinku, musamman Jikar_Arewa. Ni dai zan tsaya a wasannina na fatauci, amma hanin sa aya da sunayen gaske ya kwantar mini da rabin hankali.

ƊanAdar_Java
Wani abu da na manta. In za ku raba fayilolin da kunka rubuta, ku gina su kan SRD, wato ɓangaren dokokin da anka saki ga kowa. Na bugu na 5, SRD 5.1, Wizards of the Coast sun sa shi ƙarƙashin lasisin Creative Commons a Janairun 2023, bayan hayaniyar da anka yi kan tsohon lasisinsu na OGL. Abin da ke ciki kuna iya gyarawa ku raba in kun ambaci inda ya hito. Abin da ke cikin littattahan sayarwa kaɗai, ku bar shi a teburinku.

Na hwara rubuta layu huɗu a LST: zana, tauri, sagau, kaudabara. Tauri ya yi sauƙi, rage ɓarna ce. Sagau ne ya tsaya mini, don ba jikin mai shi yake aiki ba, hannun mai kai hari yake sandararwa, manhajar kuwa takardar mutum guda ta sani. Sai dai in rubuta shi a bayani, mai jan wasa ya tuna.

Mushe_Lissafi
Ba shi ma'aunin tsira irin na littahi: 8, a tara da gwanintar mataki, a tara da baiwa. Mataki na 1 mai baiwa 3 ya ba ka 13. Mahari ya jefa, in bai kai ba hannu ya ƙage zagaye guda. Lambar kaɗai manhaja za ta lissafa, saura aikin baki ne. Kuma ina nan kan bakana, a sa mishi iyaka.

Gizon_Yantala
To ga inda nake. Asabar mai zuwa zan gwada hanyar ƊanAdar, layu a matsayin kaya, uku kacal, da ƙa'idar Bagobira ta faɗa da baki. Ƙwayar Mushe zan ajiye ta ga layar zana kaɗai, don gaskiya maganar ganuwa da kurkuku ta shige ni. Bagobira kada ki kira ni, na riga na yanke.

Abin da ban san yadda zan yi da shi ba, maƙerinmu. Shi ba laya gare shi ba, gado ne, wuta ba ta ƙona shi tun haihuwa. Ba kaya ba ne balle a cire, kuma ban ga sharaɗin da zai karya jinin mutum ba.

Tsohon_Boukoki
A GURPS layi ɗaya ne.

Bagobira227
Na kira, bai ɗauka ba.

ƊanAdar_Java
Yaya Gizo, sa shi wurin asali, inda ake zaɓen jinsi, ko ka yi mishi baiwa ta daban. Zan turo maka misali da fayil ɗin layun in rezo ya dawo, tun la'asar hoto ma ya ƙi tahiya. Wace siga ta PCGen ka sauke?